Na Yanka Dakan Maƙwabciyata Na Haɗa, Yanzu An Ba Ta Notis

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma na canza su. Na san kafin ku kai ƙarshe wasu za su ji kamar su zage ni. Ba zan hana kowa ba, amma don Allah ku bari sai kun gama karantawa, kuma duk wanda ya zaga ya haɗa mini da shawara. Zagin na riga na yi wa kaina, shawarar ce ba ni da ita.

Ni ma'aikaciyar wani gidan rediyo ce a cikin birnin Kano. Ba sananniya ba ce, shirin manoma nake gabatarwa sau biyu a mako, sai sanarwa da tallace-tallace da ake turo mini in karanta. Shekara biyu da suka wuce aka mayar da maigidana aiki wani asibiti a wajen Ɗambatta, sai muka nemi wurin da zai raba mana tafiya. Muka kama ciki da falo a wani gidan haya a wani ƙauye da ke kan hanya, irin gidajen da ake ginawa yanzu a tsakiyar gonaki, ka leƙa taga ka ga gero. A wajen aiki aka amince in riƙa shiga gari kwana biyu, sauran kwanakin in naɗi muryata a gida in tura. Ina da ƙaramin makirfo da kwamfuta, na rataya bargo a bango don ya shanye amo, na ce ai ƙauye ne, me zai dame ni ban da carar zakara?

Gidan ɓangare huɗu ne, tsakar gida ɗaya, kuma ƙasa ce ba a yi mata siminti ba. Bango ɗaya ya raba ɗakina da ɓangaren wata mata da nake kira Yaya Habi. Ta girme ni da kamar shekara goma. Mijinta Malam Isa manomi ne, gonarsa ta gado 'yar ƙarama ce, idan rani ya yi yana zuwa dako kasuwar Dawanau ranar da aka samu. Abin da yake riƙe da gidan a gaskiya furar Yaya Habi ce. Kuma furarta ta dakan hannu ce, ba ta kai gero inji, ta ce inji yana ƙona gari kuma masu sayenta suna ganewa a baki. Saboda haka ma ake zuwa har ƙofar gida daga ƙauyukan kusa. Turminta yana nan a tsakar gida, taku uku daga tagata. Da misalin bakwai na safe ta fara surfe. Ta bakace, ta wanke, ta bari ya tsane, wajen goma ta koma dakan gari da citta da kanumfari. Bayan azahar an dafa, sai kirɓi. Ranar kasuwar Ɗambatta kuwa wata ƙawarta takan zo da tata taɓaryar su yi lugude, suna cilla taɓarya sama suna tafi suna waƙa, har kwanon da ke kan kantata yana motsi.

Ba zan ce ban yi mata magana ba. Na yi, kuma cikin ladabi. Wata na biyu da zuwanmu na same ta tana tankaɗe na ce, "Yaya Habi, don Allah ko za ki riƙa ɗan ara mini daga goma zuwa sha ɗaya? Aikina ba ya son ƙara."

Ta yi dariya ta ce, "'Yar rediyo, ni ina na ga goma da sha ɗaya? Ni rana nake dubawa. Idan ta taɓa gindin randar can, to garina ya kamata ya zama yana faifai."

Na ce to in na ƙwanƙwasa bango fa?

Ta ce, "Ki ƙwanƙwasa. Amma ki ƙwanƙwasa da ƙarfi, don wannan hannun naki na biro ko sauro ba zai tasa ba."

Kuma ta yi ƙoƙari, wannan sai na faɗa. Na ƙwanƙwasa, ta tsaya, in ji ta tana cewa yaranta su yi shiru Antinsu tana magana da mutanen Kano. Amma minti goma ne, sha biyar ne, sai taɓarya ta dawo. Wata rana na fito raina a ɓace na ce ai ban gama ba, ta ce, "Malama, gero idan ya sha ruwa ba ya jiran mutum. Tsami zai yi, in ya yi tsami kuma wa zan sayar wa?" Da yamma sai ga fura curi biyu an aiko mini, kamar kullum. Na karɓa na sha, kamar kullum. Na gwada naɗa da asuba kafin ta fara, sai dai sanarwa ba ta zuwa da asuba, sha ɗaya za a turo a ce ana so kafin sha biyu. Na gwada shiga banɗaki, murya ta fito kamar daga rijiya. Na gwada lulluɓa da bargo har kai a cikin zafin bazara, duk da haka dakan yana biyo ƙasa ya shigo ta ƙafar tebur.

Sau uku furodusanmu yana dawo mini da aiki. Na farko da wasa ya yi, ya ce, "Malama, na yarda shirin manoma ne, amma ba sai mun ji ana daka abin da suka noma ba." A ofis aka sa mini suna mai fura, ina shiga a ce yau da nono ko gaya? Ina dariya ina jin kunya. Na ukun ba wasa a ciki. Wani mai talla ya ƙi karɓar abin da na karanta, furodusa ya kira ni ya ce idan aka sake, zai ba wata aikin gida, ni kuma ko in riƙa zuwa kullum ko in san abin yi. Zuwa kullum daga inda nake ba zai yiwu ba. Ina ajiye wayar, lugude ya tashi a tsakar gida, ranar kasuwa ce.

To ga abin da na yi, kuma zan faɗe shi dalla-dalla don kada in sassauta wa kaina. Duk naɗin da daka ya ɓata mini ban goge ba, suna nan a kwamfuta, na kusan mako uku. Bayan la'asar ɗin ranar na zauna na buɗe su. Na cire muryata. Na cire duk inda ta tsaya ta huta, da inda take bakace, da inda ta yi shiru saboda na ƙwanƙwasa. Na tsinci wuraren da suka fi ƙarfi daga ranaku daban-daban na jera su, na ƙara musu sauti, na ɗora luguden ranar da na naɗa da makirfo manne da bango. Aikin da aka koya mini ne, kuma na iya shi, ko ɗinki ɗaya ba a ji. Ya fito minti huɗu na daka ba numfashi, kamar ana rushe gida. Sannan na ɗauki hoton wata tsagewa da ke jikin bangon ɗakina. Tsagewar nan tun ranar da muka tare na gan ta, ni da kaina na nuna wa maigidana, damina ce ta yi ta. Na tura wa Hajiya mai gidan, wadda take zaune a Bacirawa cikin Kano, sautin da hoton, na rubuta: "Hajiya, ga abin da muke ciki. Ga kuma bangon." Ku duba maganar da kyau, ba ƙarya ko ɗaya a cikinta. Ban ce daka ne ya tsaga bango ba. Ban ce rana ɗaya na naɗa ba. Na daɗe ina jingina da wannan, ina gaya wa kaina ai duk bugun da ke ciki ita ta yi shi da hannunta. Amma ni da aka koya wa cewa jerin labari ma labari ne, abin da ka sa kusa da wani ka haɗa su ke nan, wa nake yaudara?

Hajiya ta turo saƙon murya ta ce, "Na ji 'yata, kin kyauta da kika sanar da ni. Ki kwantar da hankalinki, ba wanda zai san daga inda ya fito." Kwana huɗu bayan nan wakilinta ya zo ya kira Malam Isa waje, ya ce Hajiya ta ce su nemi wuri kafin ƙarshen wata mai zuwa. Ina gaya wa kaina na zaci cewa kawai za ta yi a fitar da turmin waje. Amma idan turmi kawai nake so a matsar, me ya kai hoton bango cikin saƙon? Na san Hajiya, na san gidan nan shi ne abin da mijinta ya bar mata, na san inda zan taɓa.

Tun ranar Yaya Habi ba ta sake daka a cikin gida ba. Kullum da safe sai ta kwantar da turmin ta gangara shi da ƙafa da hannu har bayan gida, bakin gonar wani, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, ta dawo ta ɗauki gero, ta dawo ta ɗauki ruwa. Ta ce ko Hajiya za ta ji labari ta huce. Ina kallonta ta taga. Gidan ya yi tsit, aikina ya fito tas, furodusa har ya kira ya ce wane ɗakin naɗa na samu haka? Na ce Allah ne ya kawo sauƙi. Maigidana bai san komai ba. Muna cin abinci ya ce shi dai duk wanda ya kai ƙarar baiwar Allahn nan bai kyauta ba, ina za su samu gidan da za a bar ta da turmi, duk sababbin gidajen nan siminti ne da tayil. Na ce haka ne. Ya ce Malam Isa ya gaya masa in ba a samu ba sai dai su koma ƙauyen wansa, ɗaki ɗaya da yara huɗu, can kuma ba hanya, ba mai zuwa sayen fura. Na sake cewa haka ne, na tura loma. A gidan kuma zargi ya faɗa kan wata amarya da ke ɓangaren ƙofa, don sun taɓa samun saɓani da Yaya Habi a kan igiyar shanya. Yarinyar ta rantse har ta yi kuka. Ina ɗaki ina ji, ban fito ba.

Ranar Litinin da ta wuce Yaya Habi ta shirya ta tafi Bacirawa da kanta. Da ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta zo ƙofata ta yi sallama, ta zauna a bakin tabarma. Na kawo mata ruwa.

Ta ce, "Malama, na je. Ta karɓe ni ba laifi, har abinci ta sa aka kawo. Amma ta ce gininta ya fi mata furata, wai har hoton bango a tsage aka turo mata. Na ce Hajiya turmina a ƙasa yake, bai taɓa jingina da bango ba. Sai ta ce to saurari wannan. Ta kifa wayar a cinyarta don kada in ga suna, ta kunna."

Na ce me kika ji?

Ta ce, "Dakana na ji. Turmina ne, na san muryarsa, yana da 'yar tsaga a baki. Amma ni ban taɓa yin wannan dakan ba."

Na ce kamar yaya?

Ta gyara zama ta ce, "Ke ba kya daka shi ya sa. Surfe daban yake, gero ne da ɗan ruwa, ƙararsa a buɗe take, yana watsi. Dakan gari a toshe yake, kamar ana dukan katifa. Kirɓi kuwa taɓarya kamawa take, sai kin fizgo ta, kina jin tana tsotsa. To a wayar Hajiya kirɓi ne ya fara. Daga kirɓi sai surfe, daga surfe sai lugude, sai kirɓi ya sake dawowa. Wace mahaukaciya ce take kirɓa fura kafin ta surfa gero? Kuma ba inda aka tsaya aka bakace. Mace ta yi wannan dakan a tsaye ai sai dai a ɗauke ta a kwance."

Ni da na yi shekaru ina sauraron sauti da abin kunne, ina gane numfashin da ya yi tsawo da daƙiƙa ɗaya, ban san turmi yana da murya uku ba. A kunnena duk daka daka ne. Ƙarfi kawai na bi na jera.

Na ce kin gaya wa Hajiya haka?

Ta ce, "Na gaya mata. Ta ce ita ba ta san wannan ba, ta daɗe rabonta da taɓarya, kuma waya ba ta ƙarya. Shi ne na ce bari in tambayi wadda ta sani. 'Yar rediyo, tsakaninki da Allah, ana iya yanka ƙara a ɗinke ta kamar atamfa?"

Me zan ce? Na ce ana iyawa.

Ta ce, "Alhamdu lillahi, ashe ban haukace ba." Sai ta kama hannuna. "To alfarma nake nema. Ki raka ni ranar Asabar. Ni idan na yi magana sai ta ga mai fura ce take kare turminta. Ke kuwa tana jin ki a rediyo, kin iya jera magana, kuma aikinki ne. Ki saurara ki gaya mata haɗi ne. Kuma bangon ai na ɗakinki ne ko na amarya, duk iri ɗaya ne a hoto, ke kin san tsagewar nan ba turmina ya yi ta ba."

Na dubi fuskarta ina neman ko ta gane. Wallahi har yanzu ban sani ba. Wani lokaci in ce mace mai kunnen da ya rabe kirɓi da surfe a cikin waya ba za ta kasa lissafa wa ke da makirfo a gidan nan ba, ƙila hanya take ba ni in fito da kaina. Wani lokaci kuma in tuna yadda ta riƙe hannuna, in ce a'a, yarda ce kawai, kuma wannan ya fi ciwo. Da za ta tashi ta ce ta bar yi wa amarya magana amma zuciyarta ba ta kwanta ba, don yarinyar ko saƙon murya sai an nuna mata inda za ta danna. Ta faɗi haka tana gyara mayafi, ba ta kalle ni ba. Na ce Allah ya kai mu Asabar ɗin. Da yamma aka aiko da fura curi biyu. Tana nan a kwano, na kasa damawa, na kasa zubarwa.

Yanzu ku duba inda nake. Idan na bi ta, zan zauna a gaban Hajiya, wadda ta san ni na turo, in saurari aikin hannuna in ce haɗi ne. Hajiya za ta dube ni ta ce to wa ya haɗa? Ko ta yi shiru don alƙawarin da ta yi, ta san daga ranar cewa 'yar hayarta ta yi wasa da hankalinta, kuma ba mamaki notis ɗin ya juyo kanmu, in rasa abin da zan gaya wa maigidana. Idan na ce ba ni da lafiya ranar Asabar, Yaya Habi za ta tafi ita kaɗai ta dawo kamar yadda ta dawo ranar Litinin, kuma saura kwana goma sha biyu wata ya ƙare. Na yi tunanin in riga ta zuwa, in je wajen Hajiya ni kaɗai in faɗi gaskiya in roƙe ta ta janye ta kuma rufa mini asiri. Ƙila ta janye. Amma shi ke nan sai in ci gaba da karɓar furar matar nan ina amsa sunan wadda ta cece ta? Amarya kuma fa, wa zai wanke ta? Na yi tunanin in shiga ɗakin Yaya Habi yau in durƙusa in gaya mata. Na tsara maganar sau da yawa, ni da tsara magana ce sana'ata, amma duk yadda na jera ta sai in ji ina sake yanke wani abu don in fito da sauƙi.

Akwai kuma abin da ya fi ba ni kunya, kuma tunda na ce ba zan ɓoye ba bari in faɗa. Idan aka janye notis, turmin zai dawo tsakar gida, taku uku daga tagata, matsalar aikina tana nan inda na bar ta. Safiyar yau na naɗi shiri na minti ashirin ba tare da na tsaya ko sau ɗaya ba, kuma na ji daɗi. Ina cikin jin daɗin na hango ta ta taga tana gangara turmin, ya kufce mata ya faɗa kwata, ta tsaya ta riƙe ƙugu tana haki kafin ta sunkuya. Wace irin mace ce take jin daɗin shiru alhali ta san da me ta same shi?

Yau Alhamis. Ta riga ta gaya mini da wace mota za mu fita, ta ce in sa mayafina mai kyau don Hajiya tana ganin girman mai tsafta. Don Allah masu karatu, musamman waɗanda suka taɓa zaman haya da iyayenmu mata da suka san zaman tare, wa zan fara fuskanta, Yaya Habi ko Hajiya ko maigidana? Kuma da wane baki? Jibi da safe za ta tsaya a ƙofata ta yi sallama. Me zan yi?